WA YA GYARA KAZAR NAN?

Shafi na 19

Salamu alaikum, masu haƙuri da marasa shi. Tun jiya wayata ba ta huta ba. Wata baiwar Allah daga Sule Tankarkar har cewa ta yi in ban faɗi abin da ya sami Usaini ba za ta biyo ni gida. Ki zo mana, ina da tabarma. Waɗanda kuma yau suka faɗo mana, ga inda muke: Muhsina tana gidan aurenta a Gumel, da azahar aka yi sallama ta buɗe ƙofa, sai ga yayanta Usaini a tsaye, mutumin da aka yi wa sadakar arba'in shekara huɗu da suka wuce. Ta sume, ya yayyafa mata ruwa ta farfaɗo. Ashe ba mutuwa ya yi ba, gidan yari ya yi a can ƙetaren iyaka. Sun yi kukan, sun yi la'asar, sai wayarta ta ɗauki ƙara.

*

"Ki ɗauka mana," in ji Usaini.

Muhsina ta kalli fuskar wayar, ta kalle shi.

"Baba ne."

Sai ta ga ya ja da baya har ya jingina da bango.

Ta ɗauka. "Salamu alaikum, Baba."

"Muhsina, muna Gumel. Na kawo Innarku asibitin ido. Gobe da sassafe za su cire mata yanar, don haka a wurinki za ta kwana. Magani muke jira, nan da rabin awa ko fiye kaɗan muna tafe."

"Yau, Baba?"

"A'a, baɗi. Tun kokon safe ba ta sa komai a cikinta ba, ki sama mata abin da za ta iya ci. Ban da yaji, ban da gishiri da yawa. Sau biyu aka auna jininta, likita ya ce kada a tayar mata da hankali ko kaɗan kafin aikin."

Ƙit, ya kashe. Haka Malam Barau yake, ba ya jiran amsa.

Wayar Muhsina irin mai kururuwar nan ce, Usaini ya ji komai.

"Yanar ido? Inna ba ta gani?"

"Dishi-dishi take gani. Tun bayan rasuwarka..." Ta toshe bakinta da hannu.

Ya yi wata dariya marar daɗin ji. "Faɗi abinki. Ni ma yau na ji labarin rasuwar tawa a tashar Maigatari. Mai shayin da muka yi shekaru tare yana ganina ya watsar da kofi ya zura da gudu yana salati." Ya dube ta. "Har yanzu Ɗantsoho take ce min?"

"Ba ta daina ba. Kullum in ta idar da sallah sai ta ambace ka."

Sunan surukinta aka sa masa, shi ya sa Inna Larai ba ta taɓa faɗin Usaini da bakinta ba tun da ta haife shi.

Muhsina ta share hawaye. "Yaya, ai Allah ne ya kawo su. Su shigo kawai su gan ka."

"A'a!"

Har sai da ta razana.

"Ban da Baba. Ki bar ni in hango Inna ko ta taga ce. Amma kada Baba ya san ina gidan nan."

"Saboda me?"

"Ki dai ɗora tukunya, lokaci na tafiya."

Ita ta ɗauka kunyar gidan yari ce ke damunsa. Ni ma da farko haka na ɗauka, kada ku ga laifinta.

Ta faɗa kicin tana dube-dube. Kwana uku babu wuta, firij ya zama akwatin ajiye robobi. Babu miya, babu nama. Tuwo kuwa kafin a yi talge a tuƙa, baƙi sun iso sun gaji da hamma. Ta jawo ledar taliya guda ɗaya da ta rage, ta sauko da kwalbar man shanun da mijinta Abdulmuhaimin ya sayo mata wurin Fulani a kasuwar Maigatari. Akwai tafarnuwa, akwai masoro, akwai lemun tsami biyu. A bakin ƙofa kuma ga ɗoɗɗoya da na'a-na'a a tsofaffin bokitai, damina ta sa sun yi shar.

Wani girki ne ta taɓa gani a waya, su da bota suke yi, ita ta mayar da shi na man shanu, ya kuma fi daɗi. Minti ashirin an gama, in akwai kaza.

Ta leƙa tsakar gida. Budurwar kazarta tana can tana tono a gindin zogale, ba ta san wa'adi ya yi ba.

"Wa zai yanka min? Abdulmuhaimin yana kasuwa, yau Alhamis, sai bayan isha."

Usaini ya naɗe hannun riga. "Ni ba namiji ba ne? Ko matacce ba ya yanka?"

"Haba Yaya, don Allah ka daina."

Kafin ruwan zafi ya tafasa ya kama ta, ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla. Ya tsoma ta a ruwan, ya fige tas cikin ƙiftawar ido. Muhsina ta miƙo babbar wuƙa don a daddatsa, ya girgiza kai.

"Kin ce ba ta gani sosai. In ta haɗiyi ƙashi fa? Ba ni ƙaramar."

Ya wasa ta a bayan faranti, ya riƙe da hannunsa na hagu, don shi bahago ne tun yana goye. Ya tsaga bayan kazar daga wuya zuwa ƙasa, ya dinga bin ƙashi da tsinin wuƙa a hankali, yana janye naman kamar mai cire wa yaro riga. Fata ba ta yage ba. Gaɓa ko ɗaya bai karya ba. Da ya gama, nama ya koma gefe guda, ƙashin kazar kuma ya fito ɗungurungum, fari fat, har da haƙarƙari. Ya lanƙwasa wuyan ya cusa shi cikin ƙirjin, ya jefa a roba. Bai ma san ya yi ba, hannu ne ya tuna.

Aikin gidansu ne. Shekara talatin Malam Barau ya yi yana gashin kaji a kasuwar Maigatari kafin ya koma gona a Gagarawa, kuma kazarsa marar ƙashi har daga Damagaram ake aiko a saya. Usaini a gindin tukubar nan ya tashi kafin ya kama tuƙin babbar mota.

Muhsina ta ɗauki robar ta ajiye a bakin rariya don kyanwa ta samu. Ku riƙe robar nan a ranku.

Ta zuba gishiri ɗan kaɗan a tafasasshen ruwa, ta karya taliyar biyu ta saka. A ɗaya kan gas ɗin ta ɗora kasko, ta zuba man shanu cokali uku, ta jefa yankan albasa don ya kashe gafin. Usaini ya yayyanka naman ƙanana-ƙanana, daidai loma. Ta watsa a kaskon, ya yi cuuu, ta bi shi da dakakkiyar tafarnuwa da masoro.

Ƙamshi ya cika gidan. Ta juyo za ta ce ya tsinko mata ganye, sai ta ga ya juya baya yana goge ido da gefen hannu.

"Yaya?"

"Ba komai. Shekara huɗu da wata bakwai ban ji ƙamshin man shanu ba."

Tausayinsa ya kama ta. Ta fita da kanta ta tsinko ɗoɗɗoyar da na'a-na'a, ta haɗa da lawashi ta yanka sirara. Naman ya yi ja. Ta ɗebi ludayi guda na ruwan taliyar ta zuba a kaskon, ta ƙara man shanu cokali ɗaya, ta juya har romon ya haɗe jikinsa ya yi kauri. Ta tsame taliyar ta juye a ciki, ta watsa ganyen, ta kashe wuta, ta matse rabin lemo.

"Ƙundun fa? Ka ware wa Baba ya tafi da shi, ka san ba a ba shi kaza babu ƙundu."

"Na ware," ya ce, bai kalle ta ba. "Muhsina, ki bar ni in zuba wa Inna da hannuna. Ko wannan ne in yi mata."

Ta miƙa masa farantin, ta juya tana wanke kofuna. Ya zuba, ya rufe da wani farantin.

Sai ga ƙarar adaidaita a ƙofar gida.

Usaini ya faɗa sito, wani ɗan ɗaki da ke manne da kicin inda take ajiye buhun shinkafa da gawayi, ya jawo ƙofar. Muhsina ta wanke fuska, ta gyara ɗankwali, ta fita tarbar su.

"Oyoyo Inna! Sannunku da zuwa, Baba."

Inna Larai ta shigo tana laluben hanya, ta rame, ƙwayar idonta ta yi fari-fari. Tana taka tsakar gidan ta tsaya ta buɗe hanci.

"Kai! 'Yar nan, me kika dafa haka? Ai tun daga zaure yunwata ta tashi."

"Taliya ce kawai, Inna. Mu je falo ki huta."

Ta kai ta ta zaunar a kan darduma, ta sa mata matashi. Malam Barau kuwa a tsakar gida ya tsaya, hannu a baya. Shi ba ya zama a gidan suruki, balle ci. Sau biyu ya taɓa shigowa tun da aka kawo ta, duk a tsaye ya yi su.

"Ni gidan abokina zan kwana a bayan tasha. Ba ni buta in yi alwala, magariba ta kusa."

Ta cika buta ta kai masa, ta koma kicin ɗaukar tire. Ya tsuguna a bakin rariya.

Ba ta kai ga ɗora kofi a tiren ba ta ji faɗuwar buta.

Ta juyo. Babanta ne tsaye a ƙofar kicin, robar a hannunsa. Bai tsaya a ƙofar ba, ya shigo ciki. Muhsina ta shekara ashirin da shida a duniya ba ta taɓa ganin ƙafar Malam Barau a ɗakin girki ba, ko na matarsa.

"Wa ya gyara kazar nan?"

Ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Ni... ni ce, Baba."

"Ke."

"Eh."

"Ke da ko albasa kika yanka sai an nemo miki tsumma an ɗaure yatsa."

"Maƙwabcinmu ne ya yanka, sai ni kuma na..."

"Muhsina, kalli idona."

Ta kasa.

Ya ɗago ƙashin da yatsu biyu, yana juya shi a hasken taga.

"Duk ƙasar Gumel mutum biyu ne ke zare kaza haka, su cusa wuya a ƙirji. Ni, da wanda na koya wa. Kuma dubi inda wuƙar ta bi. Wannan aikin bahago ne."

Hawaye suka ɓalle mata. Shikenan, asiri ya tonu, amma ai abin farin ciki ne. Tsoronta ɗaya kada tsoho ya yanke jiki ya faɗi. Ta jawo kujera 'yar tsugune da sauri.

"Baba, zauna. Don Allah zauna ka yi salati. Wani abu zan faɗa maka, abin alheri ne, wallahi alheri ne. Baba, Yaya Usaini bai..."

"Yaushe suka sake shi?"

Ta ɗago ta kalle shi.

"Na'am?"

"Na ce yaushe suka sake shi? A lissafina saura wata biyar."

Jama'a, Muhsina ba ta ambaci gidan yari ba. Ba ta ce an kama kowa ba. Ta tsaya baki buɗe tana kallon mahaifinta, kunnuwanta suna wani shuuu, kicin ɗin yana juya mata.

"Baba... ka sani?"

Ya mayar da ƙofar kicin ya rufe a hankali.

Ƙofar sito ta buɗe. Usaini ya fito, gawayi ya ɓata masa kafaɗa. Ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da yamma, Baba."

Malam Barau ya kalle shi daga sama har ƙasa. Bai amsa gaisuwar ba.

"Wa ya ce ka zo?"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Muhsina. "Yaya, me ke faruwa? Wani ya yi min bayani, kaina zai fashe."

Usaini bai ɗago ba. Muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Sati biyu da kama ni ya zo. Ya tsaya ta bayan ƙarfe, ban ma gama gaishe shi ba ya ce, daga yau na binne ka. Na ɗauka faɗan uba ne, zai huce. Sai yau a tasha na gane da gaske ya dawo gida ya binne ni."

Muhsina ta dafe bango. Ta tuna ranar. Baba ya dawo daga tafiya da hular Usaini a aljihu, ya ce mota ta ƙone a hanyar arewa, ya ce da hannunsa ya sa shi a kabari. Ta tuna Inna tana birgima a tsakar gida. Ta tuna shi kansa zaune a kan tabarma kwana bakwai yana karɓar gaisuwa, yana cewa sai haƙuri.

"Baba, ka zauna mutane suna yi maka ta'aziyya..."

"Rage murya."

"Ka raba waina ranar arba'in!"

"Na ce ki rage murya!" Ya yi maganar ta cikin haƙora. "Me kuka sani ku? Da wane ido zan kalli mutanen Gagarawa? Ni da nake tsayawa bayan liman, ni da ake kira sasanci, a ce ɗana ne aka kama da mota cike da ƙwaya?"

"Gero aka ɗora min, Baba. Ban san abin da ke ƙarƙashin buhunan ba. Na rantse maka a ranar."

"Alƙalin ya yarda?"

Usaini ya girgiza kai.

"To in shi bai yarda ba, mutanen gari ne za su yarda?" Ya juyo kan Muhsina. "Ke kuma da kike zare min ido, lokacin saura wata biyu bikinki. Kina tsammani dangin mijinki za su kawo lefe gidan da aka kama ɗa da ƙwaya? Gidan nan da kike tsaye a ciki, da ba ki shigo shi ba. Don ke na yi."

Kamar ya watsa mata ruwan taliyar nan a fuska.

"A'a, Baba. Kada ka ɗora min. Wallahi kada ka ɗora min! Da an tambaye ni, da na zaɓi in tsufa a ɗakin Inna da a ce mata ɗanta ya mutu."

Tun da take ba ta taɓa mayar wa mahaifinta magana ba sai yau. Ita kanta ta tsorata da muryarta.

"Saƙo bakwai na aiko ta hannun direbobi," in ji Usaini. "Duk da sunan Inna."

"Sun iso."

"Suna ina?"

"Murhu."

Usaini ya runtse ido. Muhsina ta zame ta zauna a kan kujerar da ta jawo wa Baba.

"Kana ji tana kuka kullum da asuba," ta ce. "Shekara huɗu. Har idonta ya tafi."

"Idonta tsufa ne."

"Baba!"

Daga falo muryar Inna ta taso, har da 'yar dariyarta.

"Muhsina! Ƙamshin nan za ki ba ni in ci, ko sai na biyo shi da rarrafe?"

Su ukun suka daskare. Usaini ya juya fuskarsa wajen muryar. Rabon da ya ji ta tun wata asuba da ta ɗaura masa ƙuli-ƙuli a leda zai tafi.

"Ga ni nan, Inna!" Muhsina ta amsa da ƙyar.

Malam Barau ya matso dab da ɗansa.

"Ka ji abin da likita ya ce. In ta ji muryarka jininta ya hau ta faɗi, kai ka kashe ta. Ga ƙofar baya can. Akwai motar Maigatari har bayan magariba. Ka nemi wani gari ka zauna."

"In an gama aikin fa? In ta warke?"

"Ban ce ba."

"Har yaushe ke nan, Baba?"

"Har in mutu. Bayan nan ku faɗa mata abin da kuka ga dama."

Nan Muhsina ta gane. Ba jinin Inna yake tsoro ba. Ranar da Inna za ta kalle shi da ido biyu ta san abin da ya yi, ita yake tsoro. Gobe kuma za a buɗe mata idon.

"Yaya, kada ka tafi. Gidan mijina ne nan, ba wanda zai..."

"Muhsina." Usaini ya ɗaga mata hannu. "In wani abu ya same ta ta dalilina, ba zan yafe wa kaina ba. Na saba da rashinta. Ita ma ta saba." Ya shiga sito ya ɗauko ledarsa, kaya kala biyu ne a ciki. Ya sake durƙusawa. "Na ji, Baba. Alfarma ɗaya. Ka bar ni in ga tana ci. Loma uku kawai, sai in tafi."

Akwai 'yar taga tsakanin kicin da falo, da labule a jiki. Malam Barau ya kalle ta, ya kalli ɗansa.

"Uku," ya ce, ya buɗe ƙofa ya fita.

Muhsina ta ɗauki tiren. Faranti da kofi sai kaɗawa suke suna ƙara. Ta ajiye a gaban Inna, ta buɗe, tururi ya tashi, ganyen ya yi kore shar a jikin taliyar, man yana ƙyalli.

Inna ta lalubo hannunta. "Jikinki rawa yake. Lafiya?"

"Zafin kicin ne, Inna."

"Ko dai an samu ne ba a faɗa min ba?"

"Kai, Inna."

"To, na yi shiru. Ɗauke min wannan cokalin naku mai yatsu, ni ban iya faɗa da abinci ba. Kawo ruwa in wanke hannu."

Abin mamaki, Malam Barau da ba ya zama a gidan suruki, yau sai ga shi ya shigo falo ya zauna a bakin ƙofa, idonsa a kan labulen taga. Labulen ya ɗan motsa.

Inna ta yi bisimilla, ta naɗo taliya da yatsu ta kai baki.

Ɗaya.

Ta lumshe ido tana tauna. "Uhm! Man shanu ne wannan na gaske. Har da ɗoɗɗoya? Allah ya yi miki albarka. Malam, zo ka ɗanɗana, yau dai ka karya dokar nan taka."

"Ci abinki."

Ta sake kai hannu, wannan karon da nama.

Biyu.

"Ikon Allah. Ko ƙashi ɗaya babu. Yaushe kika iya wannan aikin?"

Muhsina ta kalli ƙasa. Hawaye na ɗiga a kan zanenta, ta gode wa Allah da Inna ba ta gani.

Inna ta tura yatsu can ƙasan farantin, inda romon ya taru, don ita mai son romo ce.

Daga kicin aka ji an taɓa sakatar ƙofar baya. A hankali ake jan ta, ƙiii.

Hannun Inna bai fito ba.

Ta tsaya cak. Murmushin ya bar fuskarta. Yatsunta suna laluben wani abu a ƙarƙashin taliyar. Ta zaro shi, ta juya shi a tafin hannu, ta bi shi da babban yatsa sau ɗaya, sau biyu, sau uku.

"Muhsina."

"Na'am, Inna."

"Ƙundu ne wannan."

Malam Barau ya gyara zama.

"Kuskure ne wajen zubawa," ya ce da sauri. "Miƙo shi nan."

Inna ta dunƙule hannunta ta kai ƙirji. Mai yana bin tsintsiyar hannunta, ba ta kula ba.

"Shekara talatin da biyar ina gidan mai kaji," ta ce, muryarta ta sauya, "ban taɓa cin ƙundu a fili ba. Na maigida ne. Mutum ɗaya ne yake sato min. Ya tsaga shi uku don ya yi laushi, ya binne min a ƙasan tuwo. Kai kuma ka yi ta faɗa kana cewa kyanwa ce."

Ta sake shafa ƙundun da yatsa.

"Wannan tsaga uku ne. Muhsina, ke ba ki san wannan ba. Ba wanda ya sani, daga ni sai shi."

"Larai, jininki," in ji Malam Barau. "Likita ya ce..."

Ta dafa bango ta miƙe tsaye, ita da sai an kama ta take tashi. Farantin ya kife a kan darduma. Ta juya fararen idanunta wajen kicin, ta yi kira a hankali, irin kiran da ake yi wa wanda ke ɗaki na kusa.

"Ɗantsoho?"

Ƙarar sakatar ta tsaya.

Labulen taga ya motsa.

Malam Barau ya zabura ya miƙe, ya nuna tagar da yatsa, ya daka tsawa.

"Kada ka kuskura!"

Sai da maganar ta fita sannan ya ji abin da ya faɗa. Hannunsa ya tsaya a sama. Muhsina ta ɗora hannu biyu a ka.

Inna Larai ta juyo da fuskarta gare shi a hankali, ƙundun yana dunƙule a hannunta.

"Da wa kake magana, Malam? Ba kai ka ce min da hannunka ka sa shi a kabari ba?"